Ƙafa ɗaya a yashi, kwana ɗaya a ƙanƙara: abin da ya faru a Zion a 2019

Ranar Asabar 16 ga Fabrairun 2019 wani mutum ɗan shekara 34 daga jihar Arizona ya shiga gandun dajin Zion da ke kudu maso yammacin jihar Utah a Amurka, shi da budurwarsa, da niyyar su taka sayyada su je su ga wani wuri da ake ce wa Subway, inda ruwa ya fafe dutse ya yi kamar bututu, su juyo kafin dare ya yi. Yawon buɗe ido ne kawai irin wanda mutanen can suke yi a ƙarshen mako, jaka a baya, gorar ruwa, ɗan abin taɓawa. Bai fito daga wurin ba sai washegari da rana, shi ma ɗin jirgi mai saukar ungulu ne ya zaro shi da igiya daga cikin kwazazzabo. Kuma abin da ya tsare shi duk tsawon wannan lokaci yashi ne, yashin rafi, da ya kama masa ƙafa ɗaya ya ƙi saki.

Sai ka san wurin kafin ka gane yadda abin ya kai haka. Zion wuri ne na manyan duwatsu jajaye da ruwa ya daɗe yana yanka su har ya yi kwazazzabai masu zurfi, tun 1919 gwamnatin Amurka ta mai da shi gandun ƙasa. Duwatsun nan kansu asalinsu tudun rairayin hamada ne da ya daskare ya zama dutse shekaru miliyoyi da suka wuce, to duk lokacin da ruwa ya ci su abin da yake gangarowa da shi rairayi ne mai laushi sosai, shi ne ke taruwa a gindin rafukan. Hanyar da suka bi ana kiranta Left Fork na rafin North Creek. Daga inda ake ajiye mota zuwa Subway ɗin a dawo kusan mil 9 ne, wajen kilomita 14 kenan, kuma ba wata shararriyar hanya ba ce, za ka fara da gangara mai tsini ka sauka cikin kwarin, daga nan kuma rafin ne hanyarka, ka tsallaka shi ka sake tsallaka shi, wani wurin ka hau dutse wani wurin ka shiga ruwa. Sai da takardar izini ake shiga. Babu sabis na waya a ciki ko ɗigo, duwatsun sun rufe ko'ina.

Sun yi tafiyar kusan awa 3 a ciki kenan abin ya faru. Ita ce ta fara zurmawa, ƙafarta ta lume a wani wuri da a ido ba shi da bambanci da sauran bakin rafin, ta faɗi cikin ruwa. Shi kuma ya yi abin da kowane namiji zai yi, ya matso ya kama ta ya fitar da ita, to garin haka nauyinsa duk ya koma kan ƙafa ɗaya, ita kuwa ƙafar ta shige. Hukumar gandun a bayaninta ta ce ƙafar ta nutse har gwiwa kuma ya kasa cire ta. Ɗaya ƙafar a sake take. Wato mutum ne a tsakiyar rafi mai sanyin ƙanƙara, lafiyarsa ƙalau, hankalinsa garau, hannuwansa biyu suna aiki, amma ba ya iya matsawa ko taku ɗaya.

Sun gwada duk abin da za ka yi tunani. Sun ja, sun tona da hannu, sun nemo itace sun zura. Duk abin da suka kwashe sai ruwa ya sake maido da shi nan take, hannuwa kuma suna ƙanƙarewa.

Me ya sa yashi ke riƙe mutum haka

Finafinai sun ɓata mana tunani a kan wannan abu, wai mutum ya taka sai ka ga yana nutsewa a hankali har hularsa kaɗai ta rage a sama. Gaskiya ba haka yake ba. A 2005 wani masanin kimiyya a Jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan, Daniel Bonn, shi da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature a kan wannan yashi, bayan ya ɗebo samfurinsa daga wani tafkin gishiri kusa da birnin Kum a Iran. Sun gano cewa nauyin irin wannan yashi ya ninka na jikin mutum kusan sau 2 idan aka auna su mudu ɗaya, don haka ba zai iya haɗiye ka gaba ɗaya ba, iyakarsa ka nutse zuwa wajen ƙugu sai ka tsaya. To amma labarin bai ƙare a nan ba, domin a binciken dai sun lissafa cewa idan kana so ka fizgo ƙafarka da saurin santimita 1 kacal a cikin daƙiƙa, ƙarfin da kake buƙata ya kai na ɗaga matsakaiciyar mota. Ba zai haɗiye ka ba, kuma ba zai sake ka ba.

Yadda abin yake shi ne, ƙwayoyin yashin suna zaune ne sako-sako, ruwa ya cika tsakaninsu, wani lokacin ma ruwan daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa yana ɗaga su. Muddin ba a taɓa shi ba zai zauna lafiya lau, samansa har ya yi kamar busasshe. Kana ɗora masa nauyi sai tsarin ya rushe ya koma ruwa-ruwa, ka lume. Daga nan sai abu na biyu ya biyo, wanda shi ne mugun, yashin da ka dama sai ya kwanta ya cushe a jikin ƙafarka, ruwan ya rabu ya koma sama, yanzu ƙafarka tana cikin yashi mai tauri wanda babu ruwa ko iska da za su shiga su cike gurbin da za ta bari idan ta fito. Shi ya sa in ka ja sai ka ji kamar ana jan ka daga ƙasa. Duk direban da motarsa ta taɓa kafewa a taɓo da damina ya san wannan karatun, kana ƙara danna totur taya na ƙara tona wa kanta kabari.

Shawarar da masana ke bayarwa ba ta da wuyar faɗa. Ka sauke jakar bayanka, ka daina fizge-fizge, ka jingina da baya ka baje jikinka don nauyinka ya rarrabu, sannan ka riƙa jujjuya ƙafar a hankali, ɗan motsi kaɗan-kaɗan yadda ruwa zai samu hanyar gangarawa ta gefen ƙafar ya sassauta yashin. Ƙafa ɗaya bayan ɗaya, in takalmi ya tsaya a ciki a bar shi. Kuma wannan yana aiki a mafi yawan lokuta, mutane da yawa sun zurma a rafukan Utah sun fito da kansu ba wanda ya ji labari, sai dai wando ya ɓaci.

Amma fa ni abin da nake so a lura da shi a wannan lamari shi ne shawarar nan an gina ta ne a kan cewa kana da lokaci, kuma jikinka zai iya jure jira. Ka kwanta da baya, to a ina? A cikin ruwan da ke gangarowa daga ƙanƙara a watan Fabrairu? Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu. Dabarar da za ta cece ka daga yashin ita ce kuma za ta jiƙa maka ƙirji da baya ta miƙa ka ga sanyi. Sannan ƙafar da aka ce ka riƙa jujjuyawa a hankali, bayan ɗan lokaci a cikin wannan ruwa ba ka ma jin ta balle ka sarrafa ta. Don haka wanda zai zauna a ɗaki ya ce ai da ya yi kaza da ya fita, ina ganin bai yi wa mutumin adalci ba.

Tafiyar da ta yi

A nan ne aka yi hukuncin da ya raba rai da mutuwa, kuma ba shi ne ya yi aikin ba, ita ce. Da suka ga ba ci gaba, ga rana na tafiya ga dusar ƙanƙara ta soma sauka, sai suka yanke cewa ta tafi neman taimako. Ta bar masa kayan sanyi da abin da zai rufa, ta juya ita kaɗai, a jiƙe sharkaf don kar a manta ita ce ta fara faɗawa ruwan, ta bi hanyar nan ta rafi da duwatsu wajen awa 3 kafin ta kai inda waya ta kama ta kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka. Lokacin da ma'aikatan gandun suka same ta kusa da bakin hanya ita ma sanyi ya riga ya shige ta, sai da aka fara kula da ita.

Ka tsaya ka auna wannan da kyau. A ce naka ne a maƙale a tsakiyar ruwa, yana rawar ɗari, ka juya masa baya ka tafi, ba ka san ko za ka dawo ka same shi da rai ba, wallahi zuciya ba ta son wannan ko kaɗan, abin da take so shi ne ka tsaya ka ci gaba da tono ko da ba ya amfani, don dai kar a ce ka gudu ka bar shi. Da ta bi zuciya da wataƙila gawa biyu za a kwaso. Babu wanda zai biyo ta wannan hanya da yammacin hunturu ana zuba ƙanƙara, kuma ko da ma'aikata sun lura da motarsu a wurin ajiye motoci, kafin a gane cewa akwai matsala a fara nema dare ya raba ko gari ya waye. Kowace awa da ta ƙara a wurinsa tana rage mata ƙarfin da za ta iya hawa gangarar nan ta fita. In ma akwai abin da za a ce, sai dai a ce irin wannan tafiya gara a yi ta da wuri tun da sauran rana da sauran ƙarfi, kada a bari sai an gwada komai an gaji tukuna.

Shi kuma aikinsa ya zama jira. Ba ƙaramin aiki ba ne. Idan zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35 abin da ke fara zuwa shi ne makyarkyata, sai hannu ya daina kama abu, magana ta fara sarƙewa, tunani ya rikice, sai barci mai daɗi ya riƙa fizgar mutum, in makyarkyatar ta tsaya kuma alhali ana cikin sanyin to ba sauƙi aka samu ba, jiki ne ya fara sallamawa. Ga wanda ke tsaye a cikin rafi barci yana nufin ya kife cikin ruwa, ƙafa kuma a riƙe. Haka ya zauna, duhu ya shigo, ƙanƙara na sauka masa a ka, bai san ko ta isa ba ko ta faɗi a hanya.

Masu ceto sun iso shi bayan sa'o'i, cikin dare, sun same shi da ransa amma sanyi ya yi masa illa. To ko su ɗin da kayan aikinsu da ƙwarewarsu sai da suka shafe kusan awa 2 kafin ƙafar ta fito. Da farko an gwada ja da igiya, azabar ta yi yawa kamar za a tsinke ƙafar daga jiki, wanda ya yi daidai da lissafin da na ambata a sama, in ka ce ƙarfi za ka sa to gwiwa ko ƙugu ne za su fara saki kafin yashin. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne haɗa biyun, wani ya shiga ruwan yana kwashe yashin daga jikin ƙafar ba tsayawa, sauran suna ɗaga shi a hankali. Gaba ɗaya ya haura awa 10 a maƙale.

Fitowar ƙafa kuma ba ita ce fita daga daji ba. Ba ya iya takawa, dare ya yi nisa, ɗaukar mutum a kan gadon ɗaukar majinyata ta cikin wannan rafi a duhu ganganci ne. Sai masu ceton suka kwana tare da shi a nan cikin kwazazzabon suna ɗumama shi, a daren kuma aka ƙara zuba ƙanƙara mai kaurin inci 4, wajen santimita 10. Da safe jirgin Hukumar Tsaron Jama'a ta jihar Utah ya taso daga Salt Lake City, amma hadari ya rufe wurin ba a ganin komai, haka aka yi ta jira har bayan azahar da sama ta ɗan buɗe na ɗan lokaci, matuƙin ya yi amfani da wannan dama aka sauke igiya aka zaro shi, aka kai shi inda motar asibiti ke jira. Ya rayu, da ƙafarsa.

In da teku ne fa

Abin da ya ba wannan mutum dama shi ne abokin gabarsa sanyi ne, sanyi kuwa yana kisa amma a hankali yake yi. Akwai wuraren da ba a samun wannan rangwamen. A Alaska akwai wani reshen teku kusa da birnin Anchorage da ake kira Turnagain Arm, idan ruwa ya janye sai ya bar fili fetal na laka mai launin toka, garin dutse ne da ƙanƙara ta niƙa, a ido kamar ka shimfiɗa tabarma. Ruwan wurin yana hawa da sauka da kusan mita 9, kuma in zai dawo da gudu yake dawowa. A watan Mayun 2023 wani saurayi ɗan shekara 20 daga jihar Illinois ya shiga yawo a kan lakar da abokansa kusa da ƙauyen Hope, ya lume har ƙugu. An kira agaji, an zo ana ƙoƙari, ruwa ya riga su, sai washegari aka ciro gawarsa. A 1988 ma an yi irin haka da wata amarya 'yar shekara 18 a wannan yanki, masu ceto suna riƙe da ita ruwa ya rufe ta. 'Yan kwana-kwanan garin Girdwood har wani dogon bututu gare su na musamman da suke cusawa a gefen ƙafar wanda ya maƙale su tura ruwa da ƙarfi don lakar ta saki, wato dai abin nan da jujjuya ƙafa ke yi a hankali shi suke yi da inji. Yana aiki sosai, in sun iso a kan lokaci. Daga Girdwood zuwa Hope kuwa tafiyar kusan awa guda ce a mota.

A duka wuraren biyu laka ko yashin riƙewa kawai ya yi, wani abu daban ne ya zo yin kisan. Don haka wanda ya zurma, tambayar farko da ya kamata ya yi wa kansa ita ce mene ne ke tahowa, kuma awa nawa gare ni kafin ya iso. A bakin teku amsar na iya zama minti 30, to a nan ba a jira a gwada dabara tukuna, ana zurmawa ake kiran agaji. A cikin kwazazzabo irin na Utah kuma ban da sanyi akwai ambaliya, ruwan sama zai iya sauka a can nesa inda ba ka gani ya taho ta rafin a guje.

Ingila ta daɗe da ɗaukar abin da muhimmanci. A gaɓar Morecambe da ke arewa maso yamma akwai muƙami na hukuma na jagoran masu tsallaka yashi, ɗaruruwan shekaru ana naɗa shi, Cedric Robinson ya riƙe shi daga 1963 har 2019. Kafin ya ratsa da jama'a sai ya je ya gwada ƙasar da sanda ya kakkafa rassan itace a inda ya tabbatar da ita, kuma kowane zuwa sai ya sake, don hanyar makon jiya ba lallai ta zama ta yau ba.

Abin da za a iya gyarawa a tafiyar Zion

Ba na ganin sun yi wani haukan da ya wuce misali, hanya ce da dubban mutane ke bi. Amma akwai abubuwan da in an duba za a ga inda aka bar ƙofa a buɗe. Babba a ciki ita ce hanyar kira. A 2019 akwai ƙananan na'urori irin su Garmin inReach da ke aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam ko babu sabis, da suna da ita da awa 3 ɗin nan da ta yi tana fama a hanya ba a yi asarar su ba, kuma da ba ta saka nata ran a haɗari ba, da masu ceto sun taso tun da sauran haske. Daga ƙarshen 2022 wayoyin iPhone 14 zuwa sama ma sun fara yin irin wannan a wasu ƙasashe, ko da yake a cikin matsattsen kwazazzabo inda sama ɗan siriri kake gani ba kullum saƙon ke fita da wuri ba. Sai yawan mutane, su biyu ne kacal, ɗaya ya maƙale dole ɗaya ya tafi, kowa ya zama shi kaɗai. Da su uku ne ko huɗu da wani ya zauna yana tallafe shi yana hana shi barci, wataƙila ma da hannu da yawa a farkon lamarin kafin yashin ya gama cushewa da an fitar da shi.

Sai yadda aka yi ceton farko. Wanda zai fitar da wanda ya zurma bai kamata ya taka inda wancan ya taka ba, daga kan dutse ko ƙasa mai ƙarfi ake miƙa sanda ko madaurin jaka, in ba yadda za a yi sai an matsa to a kwanta rubda ciki ko a shimfiɗa jaka da itatuwa a hau kai. Da sauƙin faɗa, na sani, in ka ga masoyiyarka ta faɗi ruwa ba lissafi kake yi ba. Sandar tafiya ma da mutane ke rainawa tana da ranarta, ka caka ta a gabanka kafin ka taka, musamman inda yashi ya yi sumul yana sheƙi, ko inda ka taka gefensa ka ga yana rawa, ko wurin da ƙaramin rafi ke shiga babba, ko bayan babban dutse inda ruwa ke juyawa yana tara laushin yashi.

Wani zai iya tambayar me ya sa hukumar gandun ba ta kafa allon gargaɗi a wurin ba. Mai magana da yawunta a lokacin ta ce ba kasafai ake samun wannan matsala a Zion ba, sai yanayi ya haɗu, kuma hunturun shekarar an yi jiƙa fiye da yadda aka saba. Ramin da ya riƙe mutumin nan ruwa ne ya haɗa shi a wannan makon, ambaliya ta gaba tana iya share shi ta je ta haɗa wani a mita 50 gaba ko baya, don haka ko an kafa allon ba a san inda za a kafa shi ba. Har yanzu ana ba da izinin shiga Left Fork, da rani da hunturu.